Martani: Gilashin da ake dasawa a ido ba ya yawo yadda aka faɗa

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya a shafin kiwon lafiya, inda ya gargaɗi jama'a su guji gilashin da ake kira torik. Wannan shi ne gilashin da likita ke dasawa a cikin ido bayan an cire yana, wanda aka ƙera musamman don mai matsalar astigimatizim. Hujjarsa ita ce gilashin ba ya zama wuri ɗaya. A cewarsa juyawa yake yi a cikin ido, kuma da zarar ya juya kuɗin mutum sun tafi a banza, ganinsa ma ya fi na da lalacewa. Har ya ce mai yawan sujada da mai hawa babur a hanya mai gargada kada su yarda a sa musu, don wata rana za su wayi gari ya karkace. Ya rufe da cewa kowa ya karɓi gilashi na gama-gari, ya sayi tabarau, ya huta.

Ba na shakkar niyyarsa. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya sayar da tumakinsa don a yi masa aikin ido ya san dalilin da zai sa marubuci ya tsaya wa talaka. Kuma gaskiya ne, Malam, gilashin yana iya juyawa. Babu likitan ido mai mutunci da zai musa maka wannan. Inda muka rabu shi ne ka faɗi juyawar ka yi shiru a kan lokacinta da girmanta da maganinta, sai mai karatu ya tashi da tunanin cewa abu ne da zai bi shi har kabari. Ba haka ba ne. Juyawar nan ta kwanakin farko ce, ana auna ta, kuma ana gyara ta.

Bari mu fara da ciwon kansa, don da yawa daga masu karatu sun ji sunan ne kawai a bakin mai gwajin tabarau. A gaban ido akwai wani tantani garai-garai da likitoci ke kira koniya, shi ne ke yin mafi yawan aikin tattara haske. A ido mai astigimatizim lanƙwasar wannan tantani ba ɗaya ba ce ta kowane ɓangare: ta wata fuska ta fi tsanani, ta fuskar da ta gitta mata kuma ta fi kwanciya. Sai haske ya kasa haɗuwa a wuri guda, mutum ya riƙa ganin rubutu da inuwa, fitilar mota da dare ta zame masa doguwa, na kusa da na nesa duka su yi dishi-dishi. Ba sabon sani ba ne. Thomas Young ya bayyana shi a Ingila tun 1801, a idonsa na kansa. Ba kuma ciwon mutane kaɗan ba ne: wani bincike da aka buga a 2009 daga ƙasar Sifen, wanda ya auna ido 4,540 na masu jiran aikin yana, ya gano cewa kashi 22 cikin 100 suna da astigimatizim da ya kai diyofta 1.5 ko fiye (diyofta ita ce ma'aunin ƙarfin gilashi). Wato kusan ɗaya cikin biyar, idan aka cire masa yana aka sa masa gilashi na gama-gari, hazo zai tafi amma inuwar rubutu za ta tsaya.

Gilashin torik an yi shi ne da ƙarin ƙarfi ta fuska ɗaya, don ya cike abin da koniyar ta gaza. Saboda haka dole a ajiye shi a kan layin da ya dace. Ga yadda abin yake a ɗakin tiyata. Kafin mara lafiya ya kwanta, ana zaunar da shi ya miƙe wuya ya dubi gaba, likita ya ɗiga alamar tawada a gefen baƙin idon. Ana yin haka a zaune ne domin ido yakan ɗan murɗa da 'yan digiri idan mutum ya kwanta, alamar da aka yi a kwance za ta yaudari mai aiki. Wasu asibitocin sun bar tawada, suna ɗaukar hoton jijiyoyin farin ido, kwamfuta ta nuna wa likita layin a cikin madubin tiyata. Gilashin kansa ɗan ƙarami ne, faɗin tsakiyarsa milimita 6, da hannaye biyu masu lanƙwasa da ke kai tsawonsa wajen milimita 13, kuma a gefensa akwai 'yan ɗigo-ɗigo da ke nuna layinsa. Ana naɗe shi a tura ta ƙofar da ba ta kai milimita 3 ba, ya buɗe a cikin jakar da aka kwashe yanar daga cikinta, likita ya tura shi a hankali da ɗan ƙarfe har ɗigonsa su hau kan alamar.

Yanzu lissafin da Malam ya dogara da shi. Daidai ne cewa kowane digiri ɗaya da gilashin ya kauce yana cin kusan kashi 3.3 cikin 100 na gyaran. Digiri 10 suna cin sulusi. Digiri 30 suna cinye gyaran duka, abin da ya haura haka kuma ya ƙara wa mutum matsala. Sai dai a duba fuskar agogo: daga 12 zuwa 1 shi ne digiri 30, minti ɗaya kuwa digiri 6 ne. A gwajin da aka yi wa gilashin AcrySof Toric a Amurka, wanda ya ƙunshi mutum sama da 500, matsakaicin juyawar bayan shekara guda bai kai digiri 4 ba, wato bai kai tazarar minti ɗaya ba. Mai irin wannan ido ya riƙe kusan kashi 90 na gyaransa. Ko wanda nasa ya kauce da digiri 10, wanda likitoci ke ɗauka a matsayin abin dubawa, yana tafe da kashi biyu cikin uku. Wanda ya bi shawarar Malam ya karɓi na gama-gari fa, nawa ya samu daga gyaran? Ko ɗaya. An tsorata shi da asarar sulusi, an miƙa masa asarar duka.

Na san inda wannan tsoro ya samo asali, kuma yana da tarihi. Likitan Japan Kimiya Shimizu ne ya fara ƙera gilashin torik a 1992. Mai tauri ne, ba ya naɗuwa, sai an yi masa babbar ƙofa, kuma a rahoton farko kusan ɗaya cikin biyar ya juya da digiri 30 ko fiye. A 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani na kamfanin STAAR, na roba mai santsi, shi ma ya yi suna wajen juyawa har sai da aka ƙara masa tsawo. Da a waccan shekarar Malam ya yi rubutunsa, da na sa hannu a ƙasa. Amma a 2005 aka amince da AcrySof Toric, wanda aka yi da wani nau'in akirilik mai ɗanko da ke kama jikin jakar, daga nan labari ya sauya. Sauran kamfanoni suka biyo baya, wasu har suka kausasa hannayen gilashin don ya ƙara cizawa. Ba adalci ba ne a ɗauki laifin gilashin shekara talatin da suka wuce a ɗora wa na yau.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma wanda rubutun ya tsallake gaba ɗaya, shi ne abin da ke faruwa a cikin jakar bayan an gama aiki. A awannin farko gilashin yana kwance ne kawai, hannayensa suna dogare da bango, babu abin da ya ɗaure shi. Idan an bar ragowar ruwan nan mai yauƙi da ake cika ido da shi lokacin aiki, musamman a bayan gilashin, to a kansa zai zame. Idan an cika idon da ruwa ya yi tauri har jakar ta buɗe sosai, nan ma ya sami fili. Wannan shi ne lokacin haɗari. Wani bincike da Tetsuro Oshika da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya bi idanu tun daga kan gadon tiyata har shekara guda, ya gano cewa mafi yawan juyawar tana faruwa ne a cikin awa ɗaya ta farko, bayan nan kuwa abin da ke ƙaruwa kaɗan ne ƙwarai. Dalilin a fili yake. Cikin kwanaki jakar tana fara tsukewa, fatarta ta gaba da ta baya su manne da juna a kewayen hannayen, sunadarin jiki ya liƙa su da fuskar gilashin. Kafin 'yan makonni su cika ya kafu. Kafuwar tana da ƙarfin da likitan da ya zo gyara bayan watanni sai ya sha wahala kafin ya ɓamɓare shi. Abin da hannun likita da ƙarfensa ke fama da shi, ba ramin hanya ne zai juya shi ba.

Wannan ya kawo ni kan maganar sujada, wadda ita ce ta fi damuna, domin ta taɓa ibadar mutane. Gaskiya ne likitoci da yawa sukan ce wa wanda aka yi wa aikin yana ya yi sallah a zaune na wasu kwanaki, kada ya sunkuya sosai, kada ya ɗauki kaya mai nauyi, kada ruwa ko ƙura su shiga idon, kada kuma ya murza. Amma wannan umarni na kowane mai aikin yana ne, ko wane irin gilashi aka sa masa, kuma babban dalilinsa shi ne ƙofar da aka yanka ba ta gama haɗewa ba, ana gudun ƙwayar cuta. Addini ya riga ya yi wa mara lafiya rangwame a irin wannan hali. Da likita ya ce ido ya warke, mutum ya koma sujadarsa. Mai torik ba shi da wata doka ta daban ta har abada. Faɗa wa tsoho cewa goshinsa a ƙasa zai ɓata masa ido bayan shekara biyar sanya masa waswasi ne a wurin da ya kamata ya sami natsuwa.

To idan ya juya fa? A nan ma akwai alƙaluma. Oshika ɗin dai da wasu likitocin Japan sun tattara ido 6,431 da aka sa wa torik, suka buga sakamakon a 2018: guda 42 ne kawai aka sake komawa da su ɗakin tiyata don a daidaita gilashin, ƙasa da ɗaya cikin 100. A shekarar ce kuma Bryan Lee da David Chang a Kalifoniya suka kwatanta nau'i biyu a ido sama da 1,200, suka ga cewa a nau'i ɗaya kusan kashi 92 sun tsaya a cikin digiri 5, a ɗayan kusan kashi 82. Wannan binciken na biyu ya nuna ba duk gilashi ne ɗaya ba, kuma mara lafiya yana da haƙƙin ya tambayi wanne za a sa masa. Gyaran kansa ɗan gajeren aiki ne. Ana ɗiga maganin buɗe ido, likita ya duba ɗigon nan a na'urar haske ya auna yawan kaucewar, idan ta kai a damu a koma ta ƙofar da aka riga aka yi, a mayar da gilashin kan layinsa. Binciken na Japan ya nuna cewa an fi dacewa idan aka jira mako guda ya wuce, lokacin da jakar ta fara kamawa, domin wanda aka gyara da gaggawa yakan sake zamewa. Ba na raina komawa tiyata karo na biyu. Akwai fargaba, akwai kuɗi, akwai ɗan haɗarin da ke tattare da kowane buɗe ido. Amma tsakanin wannan da asarar da ba ta da magani, wadda Malam ya zana, akwai tazara mai nisa.

Likitoci ma sun san idanun da suka fi fuskantar juyawa. Ido mai tsawo, irin na masu tsananin rashin hangen nesa, jakarsa tana da faɗi, gilashin da ake sa masa kuma siriri ne, don haka ya fi samun wurin motsi. A irin wannan ido wasu sukan ƙara wani siririn zobe a cikin jakar don ya miƙar da ita, sukan kuma ce wa mara lafiya ya kwanta shiru na awa guda bayan aiki.

Ina zargin wasu labaran da suka kai kunnen Malam ba ma na juyawa ba ne. Mutum yakan yi shekara biyu ko uku yana gani tangaran, sai hazo ya fara dawowa, ya ce yana ta dawo, ko gilashi ya goce. Galibi fatar bayan jakar ce ta yi duhu, abin da ke samun masu kowane irin gilashi, kuma ana buɗe ta da hasken leza cikin 'yan mintoci mutum yana zaune. Akwai kuma koniyar kanta, wadda lanƙwasarta ke ci gaba da sauyawa sannu a hankali da tsufa, ta yadda gyaran da ya yi daidai a shekara sittin zai iya ɗan gazawa a saba'in da biyar alhali gilashin bai motsa ba. Akwai kuskuren awo tun farko. Har zuwa 2012, lokacin da Douglas Koch na Baylor a Amurka ya nuna muhimmancin fuskar koniya ta baya, yawancin lissafi fuskar gaba kawai yake dubawa, shi ya sa wasu suka fito da gyara fiye da kima, wasu ƙasa da kima. Hanyoyin lissafi na yanzu, irin ta Graham Barrett na Ostareliya, sun shigar da wannan. Sannan akwai faɗuwar jaka da gilashinta gaba ɗaya bayan shekaru, idan zaren da ke riƙe da ita ya yi rauni saboda bugu ko wata cuta. Wannan matsala ce ta gaske, amma ba ta tambayar ko gilashin torik ne ko na gama-gari.

Akwai inda nake tare da Malam, kuma da a nan ya tsaya da ya yi wa jama'a babban aiki. Torik ba na kowa ba ne. Yana gyara astigimatizim mai tsari ne kawai. A ƙasarmu mai rana da ƙura, naman nan da ke tsirowa daga kusurwar ido ya hau kan baƙi yana da yawa, kuma shi kansa yana jan koniya ya karkatar da ita. Wanda aka auna shi da naman a idonsa aka sa masa torik, ranar da aka cire naman lissafi ya rushe. Sai a fara cire shi, a jira ido ya zauna, sannan a auna. Haka mai tabon rauni ko na tsohon ciwo a koniya, da wanda koniyarsa ta yi tsini ba bisa tsari ba, ba lallai gilashin ya amfane su ba. Mai astigimatizim kaɗan, ƙasa da diyofta ɗaya, sau da yawa ba ya buƙatarsa. Sannan yawancin aikin yana da ake yi a sansanonin kyauta ana yin sa ne da hannu ta ƙofar da ta kai milimita 6 ko 7, wadda ita kanta tana sauya lanƙwasar koniya fiye da ƙaramar ƙofar nan da aka bayyana a baya, wadda ake yi idan da injin fako ake cire yanar. Aiki ne mai kyau da ya buɗe idon miliyoyin mutane, amma inda babu na'urar awo mai inganci, kuma mara lafiya zai hau mota ya koma ƙauye washegari ba za a sake ganinsa ba, gilashi na gama-gari da tabarau shi ne zaɓin hankali. Tsada ma gaskiya ce. Wanda ba shi da hali kada ya ci bashi, domin cire yanar shi ne babban abu.

Sai dai tabarau ɗin da ake ba da shawara shi ma ba ya kuɓuta daga lissafin digiri. Ƙarfinsa shi ma a kan layi yake. Ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe, ko jika ya zauna a kai, ya karkace a kan hanci, gyaran ya ragu kamar yadda na cikin ido zai ragu. Mai astigimatizim mai ƙarfi yakan yi kukan cewa tabarau yana nuna masa ƙasa a karkace, yana sa shi jiri a kan matakala. Ga karyewa, ga ɓata, ga sake saye. A 2016 Line Kessel ta ƙasar Denmak da abokan aikinta sun haɗa gwaje-gwaje 13 da aka kwatanta torik da na gama-gari, suka samu cewa masu torik sun fi gani daga nesa ba tare da tabarau ba, kuma sun fi rabuwa da shi. Ga direban da ke tuƙin dare, ko manomin da gumi da ƙura ke hana shi riƙe tabarau, wannan ba kayan ado ba ne.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda irin wannan magana ke tafiya a bakin mutane. Wanda ya karanta zai tuna kalmar torik. Wanda aka ba labari a majalisa ko a gidan suna, abin da zai riƙe shi ne gilashin asibiti yana yawo a cikin ido. Mu kuwa mun san inda mai tsoron asibiti yake zuwa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta makantar da kusan kashi 43 daga cikinsu. Ya kuma nuna cewa fiye da kashi 40 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu tura ta cikin ido da tsinke a gargajiyance ne suka taɓa su, abin da ya fi yawa a Arewa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanu a makance aka same su. Tun 1949 da Harold Ridley ya fara dasa gilashi a asibitin St Thomas da ke Landan ake ta gyara wannan fasaha, har kamfanin Aurolab na Indiya da masana'antun Fred Hollows a Eritiriya da Nepal suka karya farashin na gama-gari ya kai hannun talaka. Ma'aikatan ido a Kaduna da Kano da sauran garuruwa sun yi shekaru suna lallashin iyayenmu su yarda da shi. Jimla ɗaya ta tsoro tana iya mayar da wannan aiki baya.

Don haka ina roƙon Malam ya sake ɗaukar alƙalaminsa a shafin da ya yi na farko. Ya ce wa wanda aka ba shawarar torik ya tambayi likitansa diyofta nawa ne astigimatizim ɗinsa, da wace na'ura aka auna, wane gilashi za a sa, kuma idan ya kauce wa zai gyara, a kan nawa. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Kai kuma mai karatu, idan an yi maka aikin ko an yi wa mahaifinka, kada a murza idon, kuma ko gani ya yi kyau kamar me, a koma asibiti washegari, a sake komawa bayan mako guda a ɗiga maganin buɗe ido a duba inda gilashin ya tsaya.